Cibiyoyin bayanai a sararin samaniya: zafi ne zai hana ruwa gudu

A watan Nuwamban 2025 wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Starcloud ya harba tauraron ɗan'adam mai nauyin kusan kilo 60 a kan rokar Falcon 9 ta SpaceX, ɗauke da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Nvidia H100, irin wadda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da ita. A watan ne kuma Google ya bayyana shirinsa na Project Suncatcher, wanda zai fara da taurari biyu na gwaji a 2027 tare da kamfanin Planet. Kafin nan Jeff Bezos ya yi hasashen cewa nan da shekara 10 zuwa 20 za a gina manyan cibiyoyin bayanai a sama.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya a 2024, kuma buƙatar za ta ninka zuwa 2030. A sama babu gajimare, kuma akwai hanyar da tauraro zai bi ya riƙa ganin rana kusan dare da rana. Google ya ce faifan sola a can zai iya ba da wuta har ninki takwas na wanda ke ƙasa. Ba neman fili, ba rigima da maƙwabta kan ruwa ko kuɗin wuta.

Matsalar tana wurin da mutane suka fi zaton sauƙi. An saba cewa sararin samaniya sanyi ne ƙarara, don haka sanyaya kwamfuta zai zama kyauta. Ba haka ba ne. Duk mai filas ɗin shayi ya san sirrin: tsakanin bangonsa biyu babu iska, shi ya sa shayin safe yake kaiwa la'asar da zafinsa. Tauraron ɗan'adam yana cikin irin wannan filas ɗin ne. Babu iskar da fanka zai kaɗa, babu kogin da za a ja ruwa. Hanya ɗaya ce ta rage, wato shimfiɗa manyan faranta da za su riƙa fitar da zafin sannu a hankali.

Lissafin kuwa ba ya yi wa masu wannan buri daɗi. Babban tsarin sanyaya Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, da duk faɗin farantansa, kilowat 70 aka tsara ya fitar. H100 guda ɗaya tana cin wat 700, kuma kusan duka zafi take mayar da shi. Ke nan wannan tsarin gaba ɗaya zai iya ɗaukar zafin guda 100 ne kawai, alhali cibiyar Colossus da kamfanin xAI ya gina a Memphis a 2024 ta fara ne da guda 100,000. Cibiya mai gigawat ɗaya za ta buƙaci farantan sanyaya da faɗinsu ya wuce murabba'in kilomita ɗaya, kuma sai roka ta ɗaga kowane ƙarfe a ciki.

Nan kuɗi ke shigowa. Kai kilo ɗaya sama a yau yana cin kusan dala 3,000. Google da kansa ya ce sai farashin ya faɗi ƙasa da dala 200 kafin abin ya yi gogayya da na ƙasa, kuma ba ya sa ran haka kafin tsakiyar shekarun 2030. Wannan fatan ya rataya ne kusan kacokan a wuyan rokar Starship, wadda ta kamfanin da ke cikin masu tallar shirin ce. Mai sayar da tikitin jirgi ba zai taɓa cewa tafiyar ba ta da amfani ba.

Sai gyara. A ƙasa, na'ura ta mutu da dare, ma'aikaci ya zare ta ya sa sabuwa. A sama ta mutu ke nan, ga haskoki masu lalata lantarki, ga tarkacen tsofaffin taurari, ga shi kuma ƙwaƙwalwar da ake yayi yau tana tsufa cikin 'yan shekaru. Microsoft ya taɓa gwada makamancin wannan a teku: a 2018 ya nutsar da kwamfutoci 864 kusa da tsibiran Orkney na Scotland, ya ciro su a 2020. Sun fi na kan tudu ƙarancin lalacewa, amma duk da haka kamfanin ya jingine shirin. Teku kuwa ruwan sanyaya kyauta yake bayarwa.

Akwai aikin da ya dace da sama. Taurarin da ke ɗaukar hoton ƙasa suna tara bayanai fiye da abin da za su iya turowa, don haka tace hotunan a can, a aiko da labarin gobarar daji ko ambaliya kaɗai, ya yi ma'ana. Irin wannan ne China ta nufa da taurari 12 da ta harba a watan Mayun 2025. Amma wannan aiki ne na kilowat kaɗan a kowane tauraro, kuma bayanan da yake sarrafawa a can sama aka samo su tun farko, ba daga wayoyin mutane da ke ƙasa ba.