Riƙo Ba Ya Ƙarewa A Tuwo Da Kayan Sallah

Yau ba sanarwar taro ko maganar anko na zo da ita ba. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna.

Wata yarinya ce 'yar shekara 19 ta zo gidana tana so in saka sunanta a fom ɗin tallafi. Na ce to, kawo lambar NIN da lambar asusunki na banki. Sai ta sunkuyar da kai. Ba ta da ko ɗaya, takardar haihuwa ma babu. Da na bi ba'asi, ashe marainiya ce, tun tana shekara biyar goggonta ta ɗauke ta riƙo. Kuma wallahi matar ta riƙe ta da amana: ci, sha, sutura, boko da Islamiyya har ta yi sauka. Bara Allah ya yi wa goggon rasuwa. Aka raba gado, 'ya'yan cikinta suka sayar da gidan, kowa ya kama gabansa. Ba su ci haƙƙin kowa ba, nasu suka ɗauka. Amma yarinya ta fito da jakar kaya ɗaya, ba sana'a, ba jari, ko inda gonar mahaifinta take ba ta sani ba.

'Yan uwa, mu duba gidajenmu. Da wuya ki ƙirga gida biyar a layinku ba ki samu ɗan riƙo ko 'yar riƙo ba. Riƙo al'adarmu ce mai kyau, shi ya sa marayu da yawa ba su san hanyar gidan marayu ba. Inda muke kuskure shi ne, muna shirya wa ranar karɓar yaro, ba ma shirya wa ranar da zai bar hannunmu. Alhali ranar tana nan tafe, ko ta hanyar aure, ko girma, ko mutuwarmu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wata za ta ce, "Haba Hajiya, ai mace ce, aure za ta yi." To, Allah ya kawo nagari. Amma mu da muke zama da zawarawa kullum mun san yadda abin yake. 'Yar gida idan aure ya mutu tana da ɗakin uwa. 'Yar riƙo fa, ina za ta nufa? Ita ce mai haƙuri da duka da yunwa saboda ba ta da wurin komawa. Gado da katifa da kwanuka ba sa sayen magani ranar da ciwo ya zo. Namiji kuwa da zarar ya fara tasawa sai a ce ya koma shago ko zaure, daga nan ba mai tambayar ina ya kwana. Irinsu ake ba ƙwaya a jefa su bangar siyasa, mu kanmu mun sani.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da mu riƙa jarraba hankalin marayu har su kai munzalin aure, in mun ga sun nutsu mu miƙa musu dukiyarsu a gaban shaidu. Kun ga ke nan horarwa ake yi a hankali kafin a sake su. A Ingila ma, dokarsu ta ce tun yaron da ke hannun hukuma yana shekara 16 ake zama da shi a tsara yadda zai tsaya da ƙafarsa, kuma yana da mai ba shi shawara har ya kai 25. Mu da muke da ayar a hannu bai kamata a riga mu aiki da ita ba.

Ga abin da nake ganin kowace mai riƙo za ta fara tun yaro yana shekara 14 ko 15:

1. Takardu. Takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Ya cika 18, a buɗe masa asusu da sunansa, ya yi katin zaɓe. Kuma a rubuta sunan mahaifinsa na gaskiya, kada a laƙa masa na mai gida, don gobe maganar gado da aure za ta taso.

2. Sana'a ta gaske. Ba talla ba, ba wanke-wanke ba. Ɗinki, kitso, ƙunshi, haɗa turaren wuta, gyaran waya, walda, kafinta. A kai shi wurin mai koyarwa, a riƙa leƙawa, har a yaye shi.

3. Sanin kuɗi. Ki ba ta kuɗin cefanen mako ta lissafa da kanta. Ki sa ta a adashi ko na ɗari biyu ne. Wadda ba ta taɓa riƙe dubu biyar ba, ranar da aka ba ta jari cikin wata guda zai narke.

4. Dangi da dukiya. A kai yaro ya san dangin ubansa da na uwarsa. In iyayensa sun bar gona ko fili, a nuna masa, a rubuta, a sa shaidu.

5. Wasiyya. Riƙo ba ya sa a ci gado, wannan hukunci ne. Amma shari'a ta ba ki damar yin wasiyya har zuwa sulusin dukiyarki ga wanda ba magajinki ba, ko ki yi masa kyauta tun kina raye, ki damƙa masa. Keken ɗinki ɗaya da goggon nan ta mallaka wa yarinyar da ya canza labarin.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba ya cin ko kwabo: ki faɗa masa da bakinki cewa nan gidansu ne, ƙofa a buɗe take ko bayan ya tafi. Ki faɗa wa 'ya'yanki ma su ji.

Gwamnati ma da nata. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003, amma kariyarta ga 'yan ƙasa da 18 ne. Yaran da suka tashi a gidajen marayu na gwamnati, wa ke bin sawunsu bayan sun wuce wannan shekara? Mu da muke bi gida-gida lokacin zaɓe muna da bakin yin wannan tambaya. In kansila ko ɗan majalisa ya zo taronmu, kada a tsaya a atamfa da taliya. A tambaye shi gurbi nawa aka ware wa marayu da 'yan riƙo a koyon sana'a da tallafin karatu.

Ina roƙon shugabannin mata na mazaɓu, kafin zamanmu na gaba kowacce ta bincika cikin sirri, ba tare da tozarta kowa ba, ta gano 'yan riƙon da suka haura 15 ba su da takardu. Mu fara da wannan. Ita yarinyar tawa na raka ta an fara mata na NIN, kuma wata baiwar Allah a cikinku ta karɓe ta koyon ɗinki. Allah ya saka mata da Aljanna.

Wadda ta ga gyara a maganata ta faɗa, ƙofata a buɗe take. Ku tura wa sauran 'yan uwa. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amana.

Taku a kullum,
Shugabar Mata