Linzamin Ƙwayar Halitta da Gyaɗar da ke Rumbu

Doki komai kyansa, in babu linzami, mahayinsa ba shi da tabbacin inda zai sauka. Haka ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam suke. Kullum saƙonni na iso musu cewa su girma su rabu biyu, amma akwai waɗansu furotin masu ja musu linzami. Mafi shahara cikinsu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Da fari masana sun zaci shi ke haddasa ciwon daji, sai a 1989 ta tabbata cewa mai hana shi ne.

Idan kundin gado na DNA ya sami lahani, p53 yakan taru cikin ƙwayar, ya sa a ƙera wani furotin mai suna p21, wanda ke danne sinadaran da ke ingiza ta ga rabuwa. Saƙon girma ya yi ta sallama, ba mai amsawa sai an gama gyara. In kuwa ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai p53 ya umarci ƙwayar ta hallaka kanta. Kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam ana samun wannan linzami a tsinke.

To, ina ruwan manomin Roni ko Gwiwa da wannan? Gyaɗa ko masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba takan yi funfuna mai fitar da guba, wato afulatoksin. Gubar nan takan lalata umarnin ƙera p53 a hanta, a gurbi na 249. An nuna haka a 1991 ga majinyata a Sin da kudancin Afirka, daga baya kuma a Gambiya. In ta haɗu da ƙwayar cutar hanta samfurin B, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Saboda haka kuskure ne a jira sankarar hanta a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda sau da yawa akan iso a makare. Malamin gona a Babura na da abin yi tun da kaka: a shanya amfani bisa tamfol, a tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a zubar, kada a mai da ita ƙuli-ƙuli, domin suya ba ta kawar da gubar. Allurar rigakafin cutar hanta kuwa tana cikin jerin na yara a Nijeriya tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Jaririn da aka haifa a gida a ƙauyukan Kazaure shi ya fi saurin rasa ta, don haka ya wajaba ma'aikatan lafiya su haɗa kai da ungozomomi da masu unguwanni a kai masa ita tun kafin ranar suna.