A Koya Wa Malamai Da Akawuna Dokar Kasuwar Afirka Ta Yamma

Ran 28 ga watan Mayu, 1975, ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma suka ƙulla alkawari a Ikko cewa za su mai da ƙasashensu kasuwa guda. Wannan ita ce ƙungiyar ECOWAS, wadda maƙwabtanmu masu jin Faransanci ke kira CEDEAO. Yau an haura shekara 50 da yin haka, amma in mutum ya tsaya Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ya tambayi falken shanu ko mai fataucin wake abin da alkawarin nan ya ba shi, da wuya ya sami amsa. Falke ba shi da laifi. Abin da ya dame mu shi ne, akawun da ke rubuta masa takarda, da malamin da ya koyar da akawun, su ma yawancinsu ba su sani ba.

Ga shi kuwa abin ba kaɗan ba ne. Tun 1979 aka yarda ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ya shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba sai da biza ba, muddin yana riƙe da takardun tafiyarsa. Aka kuma yarda amfanin gona da dabbobi da aikin hannu, irin su tabarma da sirdi da tufar saƙi, su ƙetare iyaka ba kuɗin kwastan. Kayan masana'anta aka shigar da su cikin wannan tsari a 1990, amma su da sharaɗi: sai an yi wa kayan rajista, kuma sai sun zo da takardar shaidar asali mai nuna lalle a cikin yankin aka yi su. Shinkafar da jirgi ya kawo daga Asiya aka sauke a Kwatano ba ta zama 'yar gida don an sāke mata buhu. Kayan da suka fito daga wajen yanki kuwa, tun 2015 aka sa musu kuɗin fito iri ɗaya, aji biyar: wani kyauta, wani kashi 5 cikin ɗari, wani 10, wani 20, na ƙarshe 35. Falken da bai san waɗannan ba, duk abin da aka ce ya biya a bakin shinge sai ya biya, ya yi godiya. Rashin sani, in ji mutanen da, shi ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami.

Kada kuwa a ɗauka sanin dokar nan ya tsaya ga sanin abin da ta bayar. Wajibi ne a san inda ƙarfinta ya ƙare. A 2003 Nijeriya ta rufe iyakarta da Benin, wani ɗan kasuwa ya yi hasara, ya kai ƙara kotun ƙungiyar. A 2004 kotun ta sallame shi, ta ce a dokarta ta lokacin gwamnati kaɗai ke da ikon kawo irin wannan ƙara. A 2005 aka gyara dokar, aka buɗe wa talaka ƙofa, musamman a kan tauye masa hakkinsa na ɗan Adam. Duk da haka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 an sake rufe iyakokinmu na tudu, alkawari yana nan a rubuce, kaya kuwa suna ruɓewa a mota.

Akwai kuma wani tarko wanda bai shafi kwastan ba ko kaɗan. Attajirin Kano ya ba abokin cinikinsa na Maraɗi kaya bashi, sun yi magana da Hausa, sun shafa fatiha da Hausa. Ran da bashi ya ƙi fita, sai ya tarar dokoki biyu ne a gabansa. Tamu ta kamfanoni da kwantaragi ta samo tushe daga Ingila. Nijar kuwa, da Benin da Cadi da Kamaru, suna cikin ƙasashe 17 masu bin dokar ciniki guda da ake kira OHADA, wadda aka kafa a 1993, babbar kotunta tana Abijan, makarantar horar da alƙalanta tana Fotonobo. Wato duk maƙwabtanmu na tudu su huɗu a kan doka ɗaya suke, mu ne dabam. Hukuncin da aka yanke a Kano ba ya zartuwa a Maraɗi sai kotun can ta duba ta amince.

Yanzu abin ya ƙara cuɗewa, domin ran 29 ga Janairu, 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ba da sanarwa a ranar cewa a ci gaba da karɓar mutanensu da kayansu bisa tsohon tsari har sai an yanke wata shawara. Dokar da aka rataya a kan “har sai” ita ce ta fi bukatar mai ido a kanta kullum.

Mun san wasu za su ce wannan aikin lauyoyi ne, ina ruwan malamin makaranta? To, a tuna fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro ba su tafi da lauya ba. Sun dogara ga fatoma, wanda ya san al'adar garin da kuɗin fiton kowane kogi, kuma a gida sun bar malamai da suka karanta babin ciniki a Risala da Muhtasar. Ashe karatun dokar ciniki ba baƙo ba ne a wurinmu. Lauya yana birni, sai magana ta ɓaci ake zuwa wurinsa. Mai rubuta takarda tun magana ba ta ɓaci ba shi ne akawu da malamin ƙauye.

Saboda haka muna roƙon hukumomin ilmi na jihohin da ke bakin iyaka su sa wannan darasi cikin karatun kasuwanci na kwalejojin horon malamai, ko da zango ɗaya ne, a haɗa shi da Faransanci, domin takardar kwastan ta Ƙonni ba da Ingilishi take zuwa ba. Akawunan ƙananan hukumomi a yi musu kwas na mako biyu lokacin hutun makarantu, ɗakuna suna nan a rufe ba mai amfani da su. Jami'an kwastan da suka yi ritaya suna zaune a garuruwanmu, a kira su su koyar. Ƙungiyar tana buga dokokinta da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal, ban da Hausa. Sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna da masu iya juya su, a fara da 'yan shafukan da suka shafi dabbobi da hatsi, a manna a kasuwar Dawanau da ta Maigatari kafin kakar bana ta shigo.