Gida Muke Ginawa Ko Tanda?



Duk shekara idan bazara ta kama a watan Maris da Afrilu, kuka ɗaya muke yi: ɗaki ba ya kwantuwa. Da an ɗauke wuta sai ka ga magidanci ya kwashi iyali da tabarma zuwa waje. Muna ɗora wa rana laifi, amma a ganina rabin laifin namu ne.

Dubi yadda muke gini yanzu. Mutum ya sayi fili, abu na farko ya sare bishiyar da ya tarar. Ya jera bulo har bakin iyaka, ya kifa kwano dab da kai, taga 'yar ƙarama, tsakar gida kuma ya malale da siminti. Bulo da kwano su wuni suna shan rana, da dare su juye mana zafin. Da damina ruwa ya rasa ƙasar da zai nutse, sai ya bi lungu ya faɗa gidan maƙwabci.

Kakanninmu ba su yi haka ba. Wanda bai taɓa zuwa Kafin Madaki ba ya je ya ga ginin Babban Gwani, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Ƙasa ce da azara, ga kaurin bango, ga tsayin rufi. Ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi ba fanka.

Na san za a ce ginin ƙasa na talaka ne, ga yaɓe duk shekara, ga tsoron rushewa da damina. Gaskiya ne, ginin ƙasa marar tushe yana kashe mutane. Amma an samo maganin wannan. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa da aka gauraya da ɗan siminti, ya ɗaga kwano sama yadda iska za ta ratsa. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. A Dandaji ta Nijar ma, garin Hausawa irinmu, da irin wannan tubali aka gina sabon masallaci.

Ban ce kowa ya rushe gidansa ba. Amma mai shirin gini ya bar bishiya a tsakar gida, ko dogon yaro ko mangwaro. Ya sa tagogi su kalli juna. Ya ɗaga rufi, ya fito da bakin kwano ya kare bango. Ya yi tushe da dutse, tunda Allah ya wadata Bauchi da shi. Ya bar wani ɓangare na fili ba siminti.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su gayyato maginanmu na unguwa a zauna kan wannan magana kafin bazara ta sake zagayowa. Kuɗin man janareto ya ishe mu haka.

Allah ya sa mu dace.