Bi Yarima A Sha Kiɗa Ba Addini Ba Ne

A wannan watan zan ja hankalinki ne, uwargida, kan wata cuta da ke shigo mana da rigar kishin addini, wato bin taro ba tare da bincike ba.

Ki tuna abin da ya faru a Talata Mafara cikin watan Agustan 2016. An zargi wani ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da yin ɓatanci ga Annabi (SAW), aka rufar masa da duka. Wani bawan Allah ya taimaka aka kai shi asibiti. Sai taron ya juya kan mai taimakon, aka cinna wa gidansa wuta, mutum 8 suka rasu. Ba ɗayansu da aka zarga da furta wata kalma. A 2023 kuma, a Sakkwato, an kashe wani mahauci, Musulmi, bisa irin wannan zargin, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Yaya mai sallah biyar zai aikata haka? Cikin taro kowa yana ganin an raba alhakin, nasa kaɗan ne. Na baya bai ji abin da aka faɗa ba, kabbara kawai ya ji ya biyo. Wanda zuciyarsa ta ƙi kuma sai ya yi gum, don tsoron kada a kira shi munafuki. To, gobe ƙiyama kowa shi kaɗai zai tsaya.

Ko a Madina an jarrabi jama'a da wannan. Lokacin da aka yi wa Nana A'isha (RA) ƙazafi, har da mutanen kirki cikin waɗanda suka yaɗa zancen, Allah kuma ya tsawata musu a Suratun Nur. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ita ma ta wajabta mana bin diddigin labari. Zamfara kuwa tana da kotunan shari'a tun 2000, hukunci na alƙali ne, bayan shaidu.

Kada ki ce wannan na maza ne. Sau da yawa jita-jita ta gidan biki ko ta WhatsApp take bi kafin ta isa titi, kuma matashin da ya ɗauki dutse ɗan wata ne. Ko a Bakura kike ko Maradun, ki koya wa ɗanki tambaya biyu: wa ya ji da kunnensa? An sanar da hukuma? Ki kuma nuna masa cewa barin wurin ba ragwanta ba ne. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ba a ce ya fi gaskiya ba.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.