Rumbu ɗaya, hannu uku: wa ke riƙe da makin ɗalibai?

A makarantar da nake koyarwa a nan Tanut muna da wata ƴar kwamfuta da ke zaman uwar garke. Manhajoji uku ne a kanta: ta kiran suna, ta makin jarabawa, da ta aron littattafai. Wani tsohon ɗalibina ne ya haɗa mana su da ya zo hutu daga Damagaram, kuma duka ukun a fayil ɗaya suke zuba bayanai suna ɗiba, na SQLite.

Ba na ganin laifinsa da ya zaɓi SQLite. Tun shekarar 2000 da Richard Hipp ya fitar da ita kyauta take, ba ta da nauyi, ba ta neman intanet, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu ba ta barin aiki rabi da rabi. Ga makaranta irin tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma tana da ƙa'ida: masu karantawa ko nawa ne su taru, mai rubutu kuwa ɗaya ne a lokaci guda. Mu ba mu sani ba sai ƙarshen zangon karatu, ranar da malamai biyu ke shigar da maki ta wayoyinsu, wani kuma yana kiran suna. Manhajar maki ta tarar da rumbu a kulle, ba ta jira ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Yarinya ta ci 14 bisa 20 a lissafi, takardarta ta fito wayam. Mahaifinta ya taso tun daga wajen Belbeji, ni ne na tsaya gabansa ina kame-kame.

Wannan ciwon yana da magani mai sauƙi. An kunna tsarin WAL, wanda ya shigo SQLite a 2010, ta yadda mai karatu ba ya tare mai rubutu, aka kuma saita kowace manhaja ta jira daƙiƙa biyar kafin ta haƙura, in ta haƙura ta sanar.

Abin da ya fi damuna daban ne. SQLite ba ta san mutum ba, ba ta tambayar suna ko kalmar sirri. Duk manhajar da ta iya buɗe fayil ɗin ta iya ganin komai, ta iya goge komai. Ke nan manhajar aron littattafai, wadda yara ke taɓawa kullum, hannunta na kaiwa ga makin jarabawa. Duk Badamargen da ya taɓa zama a kwamitin bankin cimaka ya san ba a raba makulli ga kowane mai awo. Ra'ayina shi ne manhaja ɗaya tak ta riƙe fayil ɗin maki, sauran su riƙa roƙo ta hannunta. Wasu abokan aiki sun ce mu koma PostgreSQL, mai ba kowa iyakarsa. Gaskiya ne, sai dai wa zai kula da ita in yaron ya koma makaranta?

Sai maganar ajiya. Daraktanmu ya saba kwafe fayil ɗin a kile kowace Juma'a. Da WAL, sabon rubutu yana iya zama a wani fayil na gefe, wanda ya kwafi babban kaɗai ya tafi da tsohon zance. Yanzu da umarnin ajiya na SQLite ɗin kanta muke yi, ni kuma ban daina cika rajistata ta takarda ba.