A DAINA TAUYE WA DUMP MATSUMOTO HAƘƘINTA



Duk wanda ya leƙa tarihin kokawar matan Jafan zai tarar ana ta wasa Crush Gals, wato Chigusa Nagayo da Lioness Asuka, waɗanda suka haɗa kai a 1983 a kamfanin All Japan Women's Pro-Wrestling. Sun yi kokawa, sun yi waƙa, 'yan mata 'yan makaranta suka riƙa cika zaure suna kiran sunayensu har muryoyi su dusashe. Ba mu ƙi ba, sun cancanci yabo. Abin da muka ƙi shi ne a riƙa ambaton abokiyar gabarsu, Dump Matsumoto, a ƙarshen zance kamar tsanin da aka taka aka wuce. A ganinmu, ba don ita ba da wannan suna bai kai inda ya kai ba.

Dump ce shugabar gungun miyagu mai suna Gokuaku Domei, tana tare da Crane Yu, daga baya kuma da Bull Nakano. Takan shigo da fuska shafe da fenti, riƙe da sarƙa ko takobin gora, wani lokaci har da cokali mai yatsu. Ga kuma alƙalin wasa Shiro Abe, wanda kan kau da kai in miyagun na ta'asa. Nan ne ciwon yake. Duka kaɗai ba ya tayar wa 'yan kallo hankali kamar zaluncin da alƙali ya tsaya wa.

Wasu za su ce: "Ai shiri ne, tun kafin a hau dandali an san mai nasara." To sai me? Mai rubuta labari ma ya san ƙarshensa kafin mai karatu, kuma hakan bai taɓa hana hawaye zuba ba. Ranar 28 ga Agusta, 1985, a Osaka, Dump da Chigusa suka kara bisa sharaɗin duk wadda ta faɗi a aske mata kai. Chigusa ce ta faɗi. Aka aske ta a gaban jama'a, 'yan mata na ta rusa kuka. Sakamakon shiryayye ne, amma gashin da ya zuba nata ne, jinin ma nata ne. Sai a Nuwamba 1986 ta rama, aka aske Dump. Fiye da shekara guda ana riƙe da zukatan mutane da bashi ɗaya!

Ga abin da ya fi ci mana rai. Dump da Chigusa shekara ɗaya suka fara, 1980, kuma ƙawaye ne tun suna sababbin shiga. Dump ta binne wannan ƙawance, ta yarda a tsane ta a dandali da wajen dandali, domin labarin ya tsaya da ƙafafunsa. Jaruma tana komawa gida da furanni, muguwa kuwa da tsinuwa. Wacce ta fi biyan farashi?

Dump ta ajiye kokawa a 1988, Crush Gals suka biyo baya a 1989. Sai a 2024 Netflix ta fitar da shiri mai dogon zango wanda aka gina kan rayuwar Dump. An makara, amma gara makara da ƙin zuwa.

Wanda ke da ja, fili nasa ne. Amma ya fara amsa mana: wa zai yi wa Chigusa kuka in babu mai aske ta?